Baba mai fenti ya ajiye buroshi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Ranar Talatar da ta wuce, bayan sallar azahar, muka raka wani dattijo makwancinsa a nan Jos, yana da shekara 90 da ɗoriya. Allah ya jiƙansa da rahama. Kaɗan ne suka san sunansa na yanka, Baba mai fenti kowa ke ce masa. Amma duk wanda ya tashi a garin nan ya karanta rubutun hannunsa, ko da bai sani ba.

Ya koyi sana'ar tun zamanin da kuza ke jawo mutane Jos daga ko'ina. A lokacin manyan kamfanonin talla suna Legas, inda aka kafa na farkonsu tun 1928. Su can za su tsara talla da Turanci su aiko, shi kuwa aikinsa ya mayar da ita abin da ɗan kasuwa da mai haƙar kuza za su gane da kallo ɗaya, domin yawancin masu wucewa ba su yi boko ba. Don haka hoto ne ke magana. Ya zana kai a jikin falanki, ka san shagon aski ne. Ya zana keken ɗinki, ka san tela na ciki. Ya zana kofi da tururi na tashi, mai sanyin Jos a jiki ba ya buƙatar tafinta.

Na taɓa tsayawa ina kallonsa yana aiki a kan titin Ahmadu Bello. Zai shafa alli a zare, yaronsa ya riƙe bakin can, ya ja zaren ya saki, layi ya fito a bango sak. Daga nan ba ya ƙara awo. Ya hau tsani, gwangwanin fenti rataye a yatsa, ya fara daga harafin tsakiya ya yi dama ya yi hagu, kalmar ta zauna daram a tsakiyar allo. Na ce, "Baba, ba kwa tsoron kuskure?" Ya ce, "Yaro, kuskuren mai fenti a sama yake, duk gari na gani."

A 1972, da ƙasar nan ta koma tuƙi ta hannun dama, sai da hannunsa ya yi kanta wajen rubuta gargaɗi a bayan motoci. Shekara na zagayowa, a 1973, naira da kwabo suka kori fam da sule, duk allon da ke ɗauke da farashi ya zama sai an sake shi. Ga kuma gingimari masu bodin katako, zaki a gefe, dawisu a baya, "Allah ya kiyaye hanya" a goshi. Wasu malamai sun sha yi masa magana kan zanen mai rai. Bai yi musu da kowa ba, da girma ya zo dai ya koma furanni da rubutu.

To, ina ayyukan suke yau? Talla dama ba a yinta don ta daɗe. Haya ta ƙare, sabon ɗan haya ya shafe. Gobarar kasuwar Taminus a watan Fabrairun 2002 ta lashe masa alluna masu yawa a dare ɗaya. Sauran kuma injin buga leda ya ƙarasa su, wanda ke fitar da aikin mako cikin awa guda, rana ta cinye launin kafin damina biyu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a garin nan muke da gidan adana kayan tarihi tun 1952, mai ajiye da kawunan Nok na yumɓu da suka haura shekara 2,000, amma allunan da suka faɗa mana inda za mu sayi burodi muna barinsu a hura wuta da su. Saura guda ɗaya da na sani, a ƙofar wani shagon aski da ke Gangare, kawuna shida, kowanne da irin askinsa. Mai shagon ya ce mini da damina cire shi yake ya shigar ciki, don katakon ya fara ruɓewa ta ƙasa.