Wai wa ya ba gwamnati ikon ta mulke ka?

Jama'a assalamu alaikum. Ɗan sanda ya ɗaga maka hannu ka tsaya, gwamnati ta ce kawo haraji ka kai, to ka taɓa tambayar kanka wa ya ba su wannan ikon?

A Turai da can sarki cewa yake Allah ne ya ɗora shi, ba mai tuhumarsa. Sai yaƙin basasa ya ɓarke a Ingila a 1642, abu ya kai har aka fille wa Sarki Charles na ɗaya kai a 1649. Cikin wannan rikicin ne Thomas Hobbes, wani masanin falsafa ɗan Ingila da ya tsere Faransa, ya fitar da littafinsa Leviathan a 1651, ya ce ku ɗauka babu hukuma kwata-kwata, ba alƙali ba ɗan sanda, kashin dankali kawai, ko gona ba za ka noma ba don ka san wani zai zo ya kwashe. Shi ya sa mutane suka yarda su miƙa wuya ga shugaba ɗaya, shi kuma ya tsare musu rai. Yarjejeniyar ke nan. Amma fa a wurin Hobbes in kun miƙa kun miƙa, ba maganar tawaye.

John Locke, shi ma masanin falsafa ɗan Ingila, bai yarda ba, kuma ni nasa ya fi kwanta min a rai. A 1689 ya ce mulki amana ce, an ba ka ne ka kare ran mutane da 'yancinsu da dukiyarsu, ranar da ka ci amanar nan suna da haƙƙin sauke ka. Hujjar da Amurkawa suka riƙe ke nan a 1776 suka raba gari da Sarkin Ingila. Wani masanin falsafar kuma, Rousseau, a 1762 ya ce ai sarautar ma ta jama'a ce, masu mulki wakilai ne kawai, a 1789 Faransawa suka rubuta hakan ƙarara.

Kar ka ce zancen Turawa ne. Buɗe kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 14, ya ce iko na 'yan Najeriya ne, daga gare su gwamnati ke samun nata, kuma tsaro da walwalar jama'a su ne aikinta na farko. Abin da ke damuna shi ne kundin nan gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami ce ta kafa shi da dokar soja, ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba, sannan sashe na 6 ya hana kotu tilasta abin da ke babin da wannan alkawarin yake ciki.

Yau a wasu ƙauyukan Zamfara sai manomi ya biya 'yan bindiga kuɗi kafin ya shiga gonarsa, lokacin girbi ma ya sake biya. Wallahi shi ya cika nasa ɓangaren na yarjejeniyar, ya bi doka, ya bi layi cikin rana ya jefa ƙuri'a.