Hadarin da kwamfuta ba ta gani

Assalamu alaikum. Na baya ku matso, lasifikar ba ta kai can.

Bari mu fara da Akapulko, a gaɓar tekun Meziko. Da safiyar 24 ga Oktoba 2023, guguwar teku mai suna Otis matsakaiciya ce. Da tsakar daren nan ta kai mataki na 5, wanda babu na sama da shi, ta afka wa birnin da iskar da ta haura kilomita 250 a awa. An san ta nufo gaɓar. Ƙarfinta ne ya shammaci manyan kwamfutocin hasashen yanayi, kuma mutane suka kwanta ba su shirya ba. Abin yana damuna har yau.

To, me ya jawo? Kwamfuta tana yanka sararin sama gida-gida, kamar gidajen dara. A tsarin Cibiyar Hasashen Yanayi ta Turai, faɗin gida ɗaya kusan kilomita 9 ne. Shi kuwa hadarin da kuke gani yana tashi da la'asar, kansa kamar tulin auduga, sau da yawa bai cika gida guda ba. Sai ya sulale, kamar gari ta rariya. Dole masana su rubuta ƙa'idar kintace: in zafi da laima sun kai kaza, a ɗauka hadari ya haɗu.

A nan gizo ke saƙa. Tururin da ke tashi daga teku mai ɗumin digiri 26 ko fiye, in ya zama ɗigon ruwa, zafi yake saki. Wannan zafin shi ne abincin guguwa. Ka rage shi a lissafi, ta fito maka a raunane. Har hanyarta ma yana taɓawa, domin doguwar guguwa iskar can sama ke janta, gajeruwa kuwa ta ƙasa ke kora ta.

Shi ya sa a 2023 Amurka ta fara aiki da wani tsarin hasashen guguwa da ake kira HAFS, mai gidaje kusan kilomita 2 a kewayen idon guguwa, wato tsakiyarta, don a ga hadarin kansa maimakon a kintata.

Kuma kada ku ce nesa ne. Da yawa daga manyan guguwoyin Atlantika daga hadarin daminarmu suke farowa, wanda ke ratsa Sahel yana yin yamma har ya faɗa teku ta Senegal, wajen tsibiran Kef Bad. Wanda ya wuce ta kan Zinder a watan Agusta, masana a Miyami suna bin sawunsa ta tauraron ɗan'adam.