Yadda Ake Yi Wa Taya Iska Ba Tare Da Haɗari Ba

Duba nan, a gefen tayar. Ka ga wannan ƙaramin rubutu, 44 PSI? PSI ma'aunin ƙarfin iska ne. Mutane da yawa sun ɗauka adadin iskar da za a buga ke nan. Ba shi ba ne. Wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne. Adadin da motarka take so yana kan wata 'yar takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a cikin murfin tankin mai, ko a littafin motar. A yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35 PSI, kuma sau da yawa na gaba da na baya sun bambanta.

Ana awo ne tun taya na da sanyi, wato bayan mota ta huta kamar awa 3. Tafiya tana ɗumama iskar ciki, sai geji ya nuna ƙarin 3 ko 4 PSI. Idan ka ga haka bayan doguwar tafiya, kada ka sace mata iska. Da ta huce za ka tarar ta yi ƙasa, kuma taya mai ƙarancin iska ita ce ke lanƙwasawa a gefe, ta yi zafi, ta fashe ana cikin gudu.

To, ga injin iska. Tankinsa kan tara 120 PSI ko fiye, kusan ninki huɗu na abin da tayar ke buƙata. Don haka ka fara saita regileta, wato abin daidaita ƙarfin iskar da ke fitowa, kafin ka ɗora kan tiyo a bawul. Buga kaɗan, tsaya, auna. Sake bugawa, sake aunawa. Idan ta wuce, danna 'yar allurar da ke cikin bawul, ka ji tana "tsss", ka rage. Bugun taya da ƙafa ko matsa ta da yatsa ba awo ba ne; tayoyin zamani kan rasa iska mai yawa ido bai gane ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tsayuwa. Kada ka durƙusa fuskarka na kallon gefen taya, domin ta nan take ballewa. Ka tsaya ta ɓangaren da ke taka ƙasa, da dogon tiyo mai maƙalewa da kansa. Tayar babbar mota kan ɗauki 100 PSI ko fiye, shi ya sa ake saka ta cikin kejin ƙarfe kafin a buga mata iska. In ka ji ƙas-ƙas daga jikinta ko ka ga kumburi, wayoyin ciki ne ke tsinkewa: tsayar da iskar, ja da baya.

Wurin zaunar da sabuwar taya a kan rim, kada a wuce 40 PSI. In ta ƙi zama, a sace iskar, a shafa ruwan sabulu a bakinta, a sake gwadawa. Masu zuba fetur su ƙyasta ashana kuwa, don Allah a daina. Rai ake sakawa a haɗari.

Da ka gama, ɗiga ruwan sabulu a kan bawul. In ya yi kumfa, yana yoyo. Mayar da murfinsa, sannan ka buɗe but ka auna safaya, domin ita ma tana rage iska a hankali ko ba a taɓa ta ba. In siririyar nan ce ta wucin gadi, yawanci 60 PSI take so.