Laccar Aboabo: Sana'ar Kai Kayan Lambu Marasa Feshi Har Ƙofar Gida

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, abu huɗu zan faɗa, in lokaci ya bari.

Na farko, kar ka fara da neman aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Fara da gidaje. Sami gida ashirin, a Asawase ko Oforikrom nan Kumasi, da za su biya kwandon kayan lambu na mako tun ranar Laraba ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ka kai musu Asabar. Sai ka san adadin kwandunanka kafin ka je wajen manomi.

Na biyu, manoman. Ku leƙa Gyinyase, bayan jami'ar KNUST, ku ga masu latas da kabeji da lawashi. Manomi uku ko huɗu sun ishe ka. Amma jama'a, mai saye ba ya gane kayan da ba a fesa ba da ido, ƙafarka ce shaidarsa. Je gonar ba sanarwa. Duba gefen kunya: akwai kwalaben magani? Daga ina yake ɗibar ruwa, rijiya ko kwata? In ruwan kwata ne, yi masa sallama ka wuce. Sannan kashin kaji. Kumasi Allah Ya hore mana gidajen kaji, taki ba wuya, sai dai ɗanyensa yana ƙona shuka, ruwan sama kuma ya fantsama shi kan ganyen da za a ci ɗanye. A tara shi, a riƙa juyawa, ya yi kamar wata biyu, sai ya daina zafi da wari. Na ce wata biyu! Alhaji yana dariya, ya san masu gaggawa. Tsutsar kabeji kuwa, ƙwallon darbejiya: a daka, giram 50 cikin ruwa lita 1, ya kwana, a tace, a fesa da yamma domin rana tana kashe ƙarfinsa. Kowane mako, ba sai ta cinye rabin gona ba. Kuma gonar da aka saba fesawa ba ta tsarkaka a damina ɗaya.

Na nawa muke? Ko ma dai, a raba shuka: kunya kaɗan duk mako, kar latas ya nuna rana guda ya bar ka wata guda hannu rabbana. A yanka da asuba, a sa a akwatin roba mai huji, ba buhu ba, tumatir a sama. Kafin goma an gama rabo. Karɓi adireshin GhanaPost GPS, wato lambar gida da ake nema a waya, "bayan masallaci" ba kwatance ba ne a Zango.

Na'am Hajiya? Tana tambaya in damina ta lalata latas fa, an riga an karɓi kuɗin mutane. Hajiya, shi ya sa ba a alkawarin latas, kwando ake alkawari. Ranar Alhamis ki aika saƙo a WhatsApp: wannan makon ayoyo ne da kontomire, wato ganyen gwaza, da kuɓewa da yalo. Mai tuwon zafi ba za ta yi fushi da ayoyo ba. Wadda ta ƙi, ki tura kuɗinta mako mai zuwa. Kar dai ki ruga kasuwar Kejetia ki ciko gibin da kayan da ba ki san gonarsu ba. An kira salla ko? To, mu tashi.