"Wannan tsakaninmu ne": a buga ko kar a buga?

A tantin Mina, bayan la'asar, gwamna ya gama zagayen alhazan jiharsa, ya zauna shan shayi da 'yan jaridar tawaga. Hira ta yi daɗi, ya caccaki yadda aka raba masaukai a Makka. Yana ajiye kofi sai ya ce, "Amma fa wannan tsakaninmu ne."

A ƙa'idar aiki, ya makara. Kafin magana ta fita ake ƙulla sirri, kuma sai ɗan jarida ya amsa da bakinsa. A watan Maris na 2008, Samantha Power, mai ba Barack Obama shawara, ta kira Hillary Clinton dodo a hira da jaridar Scotsman, sannan ta ce kar a buga. Aka buga, ta ajiye aikinta.

In kuwa tun farko gwamnan ya nema ka ce to, ta zama amana. Kashe rakoda a gabansa, ya ga jar wutar ta ɗauke. Sannan ka tambaya: "Ranka ya daɗe, kar a buga sam, ko a buga a sakaya suna?" In sakayawa ce, ku daidaita kan lafazi. "Wani babban jami'in tawaga" ba ya ɓoye kowa idan manyan su uku ne kacal. Editanka kaɗai zai san sunan.

Ta WhatsApp aka fi yin ɓarin. Mutum takwas a tanti, ɗaya ya tura wa aboki muryar, kafin magariba ta kai Kano. Wanda bai yi alkawari ba kuma babu abin da ya ɗaure shi. A 2018 shugaban Amurka Trump ya faɗa wa kafar labarai ta Bloomberg magana a sirrance kan cinikin Amurka da Kanada, jaridar Toronto Star ta samu ta buga.

Akwai kuma tarko, wanda 'yan siyasa suka ƙware a kai: ya ba ka "sirrin" abin da dama kake bincike, don ya rufe maka baki. Katse shi da ladabi: "Ranka ya daɗe, wannan na riga na ji, ba zan karɓe shi a matsayin sirri ba."

To idan rayuka ne, misali ya ce magani ya ƙare a asibitin tawaga ga zafi yana kayar da tsofaffi? Koma ka roƙi ya sake ka. Ya ƙi, taka da ƙafarka zuwa asibitin, ka samo majiyoyi biyu da ba daga bakinsa suka ji ba, ka nemi martanin hukumar alhazai, ka buga abin da idonka ya gani ba tare da ko alamar sunansa ba.