Aflutin da Tambayar Kyau

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa maza da mata, ina godiya da wannan dama da aka ba ni.

Zan fara da wata kalma da ke bakinmu kullum. Bahaushe yakan ce yarinya kyakkyawa, ya ce mutum mai kyan hali, ya ce aiki ya yi kyau, duk daga tushe ɗaya. Girkawan dā ma haka suke, domin kalmarsu ta kalon ta haɗa kyan gani da nagartar aiki. A cikin waɗanda suka tsaya suka binciki dalilin wannan haɗuwa, babu wanda maganarsa ta ratsa ni kamar masanin falsafa Aflutin, wanda bai kamata a rikita shi da takwaransa Aflaɗon na Atina ba, tun da tsakaninsu akwai sama da shekara 500.

An haifi Aflutin a Masar wajen shekarar 204 Miladiyya. Ya yi shekara 11 yana karatu a gaban malaminsa Ammoniyus a Iskandariya, sannan ya koma birnin Rum a 244, ya koyar a can har gab da rasuwarsa a 270. Almajirinsa Forfiriyus ne ya tattara maƙalolinsa 54, ya kasa su gida shida, tara-tara, kuma ya shaida cewa wadda malamin ya fara rubutawa a kan kyau take.

A zamaninsa, ra'ayin da ya fi karɓuwa shi ne cewa kyau daidaituwar sassa ne: ido ya dace da hanci, tsawo ya dace da faɗi. Aflutin ya ce wannan bai isa ba. Idan kyau ba ya samuwa sai an haɗa sassa, to me za a ce da zinariya, ko hasken rana, ko walƙiya cikin dare, waɗanda ba su da gaɓoɓin da za a auna? A wata maƙalar kuma ya kawo hujjar da ta fi kama ni. Ku dubi fuskar wanda ya cika yanzun nan: ƙashin goshi yana nan, hanci bai gusa ba, ma'auni bai canza ko kaɗan ba, amma duk wanda ya taɓa yaye mayafi ya duba ya san wani abu ya tafi. Abin da ya tafin, a wurin Aflutin, shi ne hasken da rai ke zubawa a kan siffa, kuma shi ne ainihin abin da muke so.

Daga nan ya hau mataki-mataki, daga kyan jiki zuwa kyan hali da ilimi, zuwa hankali tsantsa, har zuwa tushen da ya kira Ɗaya, ko Alheri, wanda ya ce ya wuce siffantawa. Hanyar hawan kuwa aiki ce a kan kai. Ya buga misali da masassaƙi, wanda ba ya ƙara wa dutse komai, sai dai ya sare nan, ya kankare can, ya goge, har fuska ta fito. Haka mutum zai yi ta rage son zuciya da karkata, domin ido, in ji shi, ba zai ga rana ba sai ya ɗauki wani abu na ɗabi'ar rana. A ganina nan ne amsar tambayarmu take: wanda bai gyara halinsa ba, ganinsa bai kai ga kyan gaske ba. Forfiriyus ya ruwaito cewa sau huɗu malaminsa ya kai ga saduwa da wannan tushe a shekarun da suka zauna tare.

Wannan tunani ya iso duniyar Musulunci a cikin baƙuwar riga. A Bagadaza, wajen shekarar 840, Ibn Na'ima al-Himsi ya mayar da wasu sassan maƙalolin zuwa Larabci, al-Kindi ya gyara, amma aka jingina littafin ga Aristo, masanin falsafar Girka. Ta wannan ƙofa masana falsafar Musulmi irin su Farabi da Ibn Sina suka sha daga Aflutin. Sai dai dole a kiyaye, kada a ɗauke shi sufi irin namu, domin shi ba da wahayi yake magana ba, kuma a wurinsa halitta kwararowa take daga tushe tun azal, kamar haske daga rana. Dawwamar duniya tun azal ɗin nan na cikin mas'aloli uku da Imam Gazali ya kafirta masana falsafa a kansu.