Ciwon Cikin Mata: In Hoto Ya Ce Ba Komai, To Me Ke Ciwon?

Assalamu alaikum iyayenmu mata, yayye da ƙanne, na Aboabo da Asawase da Sawaba a Kumasin Gana, da duk inda wannan bidiyo ya same ku. Yau maganar ciwon ciki za mu yi, irin wanda mace ke fama da shi wata da watanni, ta sha na kemis ta sha na gargajiya, wataƙila har an yi mata hoto an ce ba a ga komai ba, amma ciwo na nan daram.

A zangonmu, duk ciwon da ya kama mace tsakanin ƙirji da mara, ɗaya daga sunaye uku ake laƙaba masa. In sama ne a ce olsa. In da zazzaɓi a ce taifod. In ƙasa ne a ce sanyi. Maƙwabciya ta yanke hukunci, mai kemis ya ƙulla ƙwayoyi a leda, shi ke nan. Ukun nan duk cututtuka ne na gaskiya, ba musu. Sai dai ku dubi yawan abubuwan da ke cikin ciki. Ga tumbi, ga hanta da matsarmama a sama ta dama, ga hanji ya nannaɗe, ga ƙoda biyu ta baya, ga mafitsara. A jikin mace kuma ga mahaifa, ga bututunta biyu, ga ma'ajiyar ƙwai hagu da dama. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa: in aka yi ihu a ciki, wanda ke bakin ƙofa zai ji, amma ba lallai ya san daga wane ɗaki ba. Jijiyoyin kayan ciki ba sa nuna wuri daidai yadda na fata ke yi. Shi ya sa labarin da ke bakinki, a ina yake ciwo, yaushe, me ke tayar da shi, yakan fi na'ura amfani a wurin likita.

Bari mu fara da wanda ba ya jira. Duk macen da ke ganin al'ada, in ciwon mara ya kama ta, tambayar farko ita ce: ko akwai juna biyu? A cikin kowane ciki 100, 1 zuwa 2 ba ya zama a mahaifa, mafi yawa a bututu yake maƙalewa. Bututun nan siriri ne, ba a halicce shi don renon ɗa ba. Cikin na girma yana buɗa shi, galibi wajen mako 6 zuwa 8, har wata rana ya fashe, jini ya riƙa zuba a ciki inda ido ba ya gani.

Ga yadda abin ke zuwa. Mace na zaune a rumfarta a kasuwar Kejetia, al'adarta ta yi jinkirin mako biyu, sai ta ga ɗan jini baƙi-baƙi yana ɗiga, ta ce alhamdu lillahi ta zo. Gefe ɗaya na mararta na suka. Ta miƙe za ta ba mai saye canji, jiri ya ɗebe ta, ta dafa tebur. Zufa mai sanyi, tafin hannu ya yi fari, ga kuma wani ciwo a kan kafaɗa wanda ba ta san daga ina ya fito ba. Jinin da ya taru ne ya kai ƙarƙashin haƙarƙari yana taɓa jijiyar da ke haɗe da kafaɗa. Wannan ba ta gida ba ce, ba ta kemis ba ce. A kira 112, ko a tare tasi nan take zuwa asibitin da ake tiyata, kamar Komfo Anokye, wanda muka fi sani da Jii. Kuma in nas ta tambaye ki yaushe rabonki da al'ada, ba tuhuma ba ce. Mai shayarwa na iya ɗaukar ciki, mai tsarin iyali ma wani lokaci haka. In kunyar uwar miji ko Inna ce ta hana ki magana, ki ce a ba ki minti ɗaya ke da nas kaɗai, haƙƙinki ne. Tsinken gwajin juna biyu ta fitsari kuwa, kusan kowane kemis akwai shi.

Biyu ne ke bin wannan cikin wajen mahaifa a gaggawa. Afendis yakan fara a kewayen cibiya, bayan wasu sa'o'i ya gangara mara ta dama, da tashin zuciya da ƙin abinci, ko ramin hanya mota ta faɗa sai mai shi ta yi ƙara. Sai murɗewar ma'ajiyar ƙwai, yawanci in akwai ƙullutu mai ruwa a jikinta: ciwo ne na farat ɗaya a gefe guda, da amai, in aka yi jinkiri jini ya daina isa gare ta, ma'ajiyar ta mutu. A irin wannan hali kada a ba da maganin wankin ciki, kada kuma a ɗura wani abu ta dubura, abin nan da mutanen Asante ke ce wa bentowa. Mai tsohon ciki kuma da ta ji ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama tare da ciwon kai ko gani dishi-dishi, wannan alamar hawan jinin masu ciki ce, ita ma ranar za ta tafi.

To, mu zo kan sanyi, don a nan ake yawan zaluntar mata. Da farko, ba kowane farin ruwa ne cuta ba, lafiyayyar mace ma tana ganinsa. Wanda ake tsoro shi ne ƙwayar cuta ta haura daga ƙasa zuwa mahaifa da bututu, ta kawo ciwon mara gefe biyu, ruwa mai wari, zafi lokacin kwanciyar aure, wani lokaci da zazzaɓi. Manyan masu kawo shi gonoriya ce da kilamidiya, kuma ta saduwa ake ɗaukarsu. Na san abin da ake faɗa, wai a masan haya aka kwaso. Masan haya na da laifinsa, amma wannan ba ya ciki. Namiji na iya ɗauke da kilamidiya bai ji ko ƙaiƙayi ba. Saboda haka in aka yi wa Hajiya magani aka bar Alhaji, aikin banza aka yi, in kuma akwai abokiyar zama ita ma sai an haɗa da ita. Alhaji, in kana saurare, wannan ba tonon asiri ba ne, gyaran gida ne. Maganin yakan ɗauki kwana 14, ba ƙwaya huɗu da za a bari da an ji sauƙi ba. Ragowar cutar ce ke barin tabo a bututu, tabon kuma shi ke jawo rashin haihuwa da cikin wajen mahaifa da muka faɗa. Yawan matsi da wanke can ciki da sabulu ko haɗe-haɗe ma yana kashe ƙwayoyin kirki masu tsaron wurin.

Ƙarin mahaifa, wato faburoyid, kowa ta san wata mai shi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya nuna fiye da 80 cikin 100 na mata baƙar fata sun samu shi kafin su cika shekara 50. Ba daji ba ne, kuma da yawa ba su ma san suna da shi ba. In ya dami mace, yakan zo da jinin al'ada mai yawa da gudaji, nauyi a mara, yawan fitsari, ciki ya turo har a fara yi mata barka. Yakan motse bayan al'ada ta ɗauke, kuma ana iya cire shi a bar mahaifa. Masu tallar kwalabe a rediyo da ke cewa za su narkar da shi cikin wata guda, kuɗinki kawai za su narkar. Amma ga wani abin lura: ganin ɗan ƙaramin ƙari a hoto ba ya nufin shi ne mai laifin ciwonki. Sau da yawa an kama shi ne don shi ya fi sauƙin gani.

Wanda ba ya son fitowa a hoto shi ne endometiriyosis, kuma shi na fi so ku riƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa na da shi, wajen mata miliyan 190. Wani nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta, a jikin ma'ajiyar ƙwai, ko bayan mahaifa, ko kan hanji da mafitsara. Duk wata, in lokacin al'ada ya zo, shi ma sai ya kumbura ya yi jini, ga shi babu hanyar fita. Wurin ya yi ta ƙuna, kayan ciki su manne da juna. Ƙananan tsiron nan hoton ciki na yau da kullum ba ya cika kama su, sai a miƙo wa mace takarda a ce lafiyarta lau.

Wace ce mai shi? Yarinyar nan da duk wata sai ta rasa makaranta kwana biyu, tana birgima a tabarma, tana amai, an ɗora mata kwalbar ruwan zafi a mara. Matar da ke jin suka can ciki lokacin kwanciya, ko in za ta yi bayan gida cikin kwanakin al'ada. Amaryar da shekaru suka wuce ba ciki, dangin miji sun fara gunaguni. Abin da ake ce musu kuwa: haƙuri, haka mata suke, in kin yi aure zai daina, in kin haihu zai daina. Ciki kan kwantar da shi na wani lokaci, amma ba ya warkar da shi. Ciwon al'adar da ke hana mace tashi ta yi harkarta ba na haƙuri ba ne. Likitan mata kan gane shi daga labari da gwaji, wani lokaci kuma sai an zura 'yar kyamara ta ƙaramin yanka kusa da cibiya. Akwai magungunan da ke kwantar da al'ada su rage ciwon sosai, akwai kuma tiyata.

Olsa fa? Ba yunwa ce ke kawo ta ba, ba kuma barkono ba, su dai suna fama ta. A 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbi, ana ce mata Helikobakta. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kwankwaɗi ƙwayar da kansa ya kamu, a 2005 kuma aka ba su kyautar Nobel. Ana gwada ta a bahaya ko numfashi, a kashe ta da haɗin magunguna na wajen mako biyu. Sanadi na biyu yana cikin jakarki: diklofenak da ibufurofen da asfirin. Mai tuyar ƙosai da ke tsaye tun asuba, da 'yan kaya masu dako a kasuwa, kullum dare sai sun haɗiyi na ciwon jiki, su kuwa waɗannan ƙwayoyi cin bangon tumbi suke yi. Baƙin bahaya kamar kwalta ko aman jini, asibiti kai tsaye.

Da yawan masu cewa olsa kuma tsakuwar matsarmama ce ke damunsu, wadda ta fi kama mata: ciwo sama ta dama bayan cin maiƙo, a ce soyayyen naman layya, yana harbawa baya. Wannan kam hoto na ganin ta sarai. Dattijuwa mai suga ko hawan jini da ta ji nauyi a bakin tumbi da zufa da haki, a duba zuciyarta kafin a ce olsa.

Taifod ba zan daɗe a kai ba. Gwajin Widal da aka saba yi yana yawan nuna cutar ga wanda ba shi da ita, wanda ya fi inganci shi ne a shuka jini a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Saura su ne cutar mafitsara mai zafin fitsari, tsakuwar ƙoda mai murɗa daga kwiɓi zuwa mara, taurin bahaya, da sikila, wadda kusan jarirai 2 cikin 100 a Gana ake haifa da ita. Akwai kuma hanji mai saurin fushi, yau gudawa gobe bushewa, ga kumburi, damuwa na ƙara tayar da shi. Gwaji ba ya nuna komai, amma ciwon gaskiya ne, ba raki ba.

Iyayenmu da al'ada ta ɗauke, ku kuma naku daban ne. Kumburin ciki da ya ƙi sauka makonni, ƙoshi da loma kaɗan, rama ba dalili, ko ganin jini bayan an daina, a je a duba ma'ajiyar ƙwai da mahaifa da bakinta, kada a tsaya jiƙo.

In za ki asibiti, ki tafi da shiri. Ki riƙa sa alama a kalanda ranar da al'ada ta zo da ranakun ciwo, in rubutu wahala ne ki ɗauki muryarki a waya. Ki nuna wurin da yatsa ɗaya. Ki kwashi kwalaye da kwalaben duk abin da kika sha, har na gargajiya, da tsofaffin takardun hoto. In katin inshorar lafiyarki ya mutu, ana sabunta shi a waya ta *929#. In kuma an ce ba a ga komai ba, kada ki naɗe takarda ki tashi. Ki ce: likita, me da me aka tabbatar ba shi ba ne, me ya rage a duba, yaushe zan dawo? In ciwon na bin al'ada, ki faɗi haka ƙarara, ki roƙi takardar turawa zuwa wurin likitan mata.